Tarihin Paul Ehrlich, Likitan Da Ya Kafa Wa Magani Ma'auni

A jikin kowace kwalbar maganin allura ta kirki akan sami waɗansu lambobi waɗanda yawancin mutane ba su damu da karanta su ba. Akwai wadda ke nuna ƙarfin maganin, akwai lambar rukunin da aka harhaɗa shi a ciki, akwai kuma ranar da zai daina amfani. Waɗannan lambobi shaida ce cewa an auna maganin, kuma wata hukuma wadda ba ta da rabo a cinikinsa ta yarda a sayar da shi. Wannan tsari bai cika shekara 150 da kafuwa ba. Cikin mutanen da suka aza harsashinsa kuwa, wani likita Bajamushe mai suna Paul Ehrlich yana sahun gaba.

Shi ne ya shugabanci ɗaya daga cikin ma'aikatun gwamnati na farko a duniya da aka ɗora wa alhakin gwada magani kafin ya shiga kasuwa. Daga baya kuma shi da mataimakansa suka harhaɗa maganin tunjere mai suna Salvarsan. Saboda haka ya zauna a kujerar mai binciken maganin wasu, ya kuma tsaya a matsayin wanda ake tuhumar nasa maganin.

ƘURUCIYA DA SHA'AWAR RINI

An haifi Paul Ehrlich ran 14 ga watan Maris, 1854, a wani ƙaramin gari mai suna Strehlen cikin lardin Silesia. A wancan zamani lardin yana ƙarƙashin mulkin Prussia, ƙasar da daga baya ta zama jigon Jamus, amma yanzu garin yana cikin Poland, ana kuma kiransa Strzelin. Iyayensa Yahudawa ne masu rufin asiri. Sunan mahaifinsa Ismar, mai gidan saukar baƙi, mahaifiyarsa kuwa Rosa Weigert.

Ya yi makarantar sakandare a birnin Breslau, sa'an nan ya karanta aikin likita a jami'o'i huɗu, watau Breslau da Strasbourg da Freiburg da Leipzig. Wanda ya fi tasiri a kansa a shekarun nan shi ne wani ɗan'uwansa ta wajen uwa, Karl Weigert, masanin binciken cututtuka, wanda ya nuna masa yadda ake rina ɗan yankin naman jiki don a gan shi sosai a madubin likita.

Lokacin kuwa zamanin sababbin launuka ne. A shekarar 1856 wani saurayi Baturen Ingila, William Perkin, ya fitar da rini daga kwaltar da ake samu wajen sarrafa kwal, kuma ba a daɗe ba kamfanonin Jamus suka kama wannan sana'a suka shiga gaban kowa. Ehrlich ya duƙufa a kan waɗannan launuka har abokan karatunsa suka san shi da yatsu masu dabbare-dabbare. Abin da ya ɗauki hankalinsa abu ne da kowane marini ya sani: rinin da ya kama ulu ba lalle ya kama auduga ba. Ya lura haka abin yake a jikin ɗan Adam, wani launi yakan kama wani sashe ya bar na kusa da shi fari. Daga nan ya fahimci cewa kamun rini haɗuwa ce tsakanin sinadari da sinadari, kowanne yana da abokin da ya dace da shi. A kan wannan batu ya rubuta littafin neman digirinsa na likita a Leipzig cikin 1878, yana da shekara 24.

AIKI A BALIN

A cikin shekarar nan ya sami aiki a babban asibitin Charité na birnin Balin, a ƙarƙashin Farfesa Friedrich von Frerichs, wanda ya gane baiwarsa ya sakar masa mara ya yi bincike. A nan ne ya yi amfani da rini ya rarrabe fararen ƙwayoyin jini iri-iri, kuma sunayen da aka ba waɗansunsu bisa launin da suke kamawa har yanzu su ake rubutawa a takardar gwajin jini. Sa'ad da Robert Koch ya bayyana ƙwayar cutar tarin fuka ran 24 ga watan Maris, 1882, Ehrlich yana cikin masu sauraro. Cikin ɗan lokaci kaɗan ya fito da hanyar rina ƙwayar wadda ta fi ta Koch sauƙi. Ita ce Ziehl da Neelsen suka gyara daga baya, ta zama hanyar da ake duba majinar mai tari.

Ya auri Hedwig Pinkus, 'yar wani mai masaƙa, a 1883, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Amma bayan rasuwar Frerichs a 1885 al'amura suka juya masa baya, gama wanda ya gaji kujerar bai ɗauki bincike da muhimmanci ba. Ana cikin haka sai shi kansa ya kamu da tarin fuka. Ya ajiye aiki a 1888, ya tafi Masar jinya tare da matarsa, ya komo Balin a 1889 ba shi da muƙami. Surukinsa ne ya taimake shi ya buɗe ɗan ƙaramin ɗakin bincike na kansa, kafin Koch ya jawo shi sabuwar cibiyarsa ta binciken cututtuka masu yaɗuwa a 1891.

A wannan shekara ta 1891 ya yi wani gwaji wanda ya nuna inda tunaninsa ya dosa. Da yake wani shuɗin rini mai suna methylene yana kama ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a madubi, sai ya yi tunanin watakila zai kama ta a cikin jinin mai rai ya hallaka ta. Shi da wani likita, Paul Guttmann, suka ba mutum biyu masu zazzaɓin, suka kuwa sami sauƙi. Rinin bai kai kwinin ƙarfi ba, saboda haka bai maye gurbinsa ba. Duk da haka an ga misalin sinadarin da aka harhaɗa a masana'anta yana kashe ƙwayar cuta a jikin mutum.

MATSALAR MAKARIN MASHAƘO

A wancan zamani mashaƙo yana kashe yara wajen 50,000 kowace shekara a Jamus. Ƙwayar cutar tana zama a maƙogwaro ta riƙa zubo dafi cikin jini, dafin ne ke lalata zuciya da jijiyoyi. A 1890 Emil Behring, wanda ke aiki tare da wani Bajapane mai suna Shibasaburo Kitasato a wajen Koch, ya nuna cewa idan aka saba wa dabba da dafin, ruwan jininta yakan sami makari, kuma ana iya ɗibar wannan ruwa a yi wa wani allura ya kare shi.

Labari ne mai daɗi, amma da aka zo jinyar yara sai abin ya ƙi zama daidai. Yau a yi allura yaro ya tashi, gobe a yi wa wani ba a ga komai ba. Dalili kuwa shi ne ba wanda ya san yawan makarin da ke cikin kowace kwalba. Makari ba irin gishiri ba ne da za a ɗora a kan sikeli, yana narke ne cikin ruwan jinin dabba, kuma kowace dabba da irin nata ƙarfin.

Ehrlich ya riga ya yi aiki a kan irin wannan matsala. Ya yi ta ba ɓeraye dafin 'ya'yan zurma da na idon zakara kaɗan-kaɗan, yana ƙara yawansa bisa lissafi, har suka jure abin da zai kashe ɗaruruwan ɓerayen da ba a saba musu ba. Ta haka ya koyi yadda ake ɗaga ƙarfin makari da yadda ake auna shi da lamba. Da ya haɗa hannu da Behring aka sami ruwan jini mai ƙarfin da zai yi jinya, aka kuma koma amfani da dawaki saboda yawan jininsu. Kamfanin rini na Hoechst, da ke kusa da Frankfurt, ya fara sayar da maganin a 1894.

Gwamnati ba ta bar abin a hannun 'yan kasuwa kaɗai ba. Aka yi doka cewa ba za a sayar da shi ba sai a kantin magani kuma da takardar likita. Daga ran 1 ga watan Afrilu, 1895, an hana sayar da kowane makarin mashaƙo a Jamus sai wanda gwamnati ta gwada ta amince da shi. A 1896, bisa ƙoƙarin wani babban jami'in ma'aikatar ilmi mai suna Friedrich Althoff, aka kafa cibiya ta musamman domin bincike da gwajin ruwan jini a unguwar Steglitz ta Balin, aka naɗa Ehrlich shugabanta. Kafin ya hau kujerar sai da ya warware yarjejeniyar da ke tsakaninsa da kamfanin Hoechst, don ba ya yiwuwa mai gwada kaya ya zama yana cin ribar kayan. Behring ya yi arziki da maganin, ya kuma karɓi lambar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901 shi kaɗai. Ehrlich ya ga an tauye masa haƙƙi, kuma zumuncinsu bai koma kamar da ba.

YADDA YA KAFA MA'AUNIN

Da farko da dafi ake auna makari, watau a ga yawan dafin da zai iya karyawa. Ehrlich ya gano cewa nan kuskuren yake. Dafin da aka ajiye a kwalba yakan rage ƙarfin kisa da tafiyar kwanaki, alhali kuwa bai daina cinye makari ba. Wanda ya yi awo da shi kamar mai awon hatsi ne da mudun da ke canza girma kowace kasuwa.

Sai ya juya al'amarin. Ya ɗauki makari mai kyau ya busar da shi ya zama gari, ya rufe shi cikin kwalaben da aka zuƙe wa iska, ya ajiye a wuri mai sanyi da duhu. A wannan hali ƙarfinsa ba ya canzawa. Wannan gari shi ya zama mudun gwamnati, aka yanke wani ƙayyadadden kaso nasa aka kira shi awo ɗaya. In za a yi gwaji, sai a fara neman yawan dafin da, ko an gauraya shi da awo ɗaya na makarin gwamnati, zai kashe ɓeran Masar mai nauyin giram 250 cikin kwana huɗu. Sa'an nan a ɗauki daidai wannan dafi a gauraya da makarin kamfani a yi wa wani ɓeran allura. In ya wuce kwana huɗu da rai, an tabbata abin da aka ɗiba ya kai awo ɗaya. In ya mutu, maganin bai kai abin da kamfani ya rubuta ba. Ya buga bayanin wannan hanya a 1897.

Bayan awo akwai tsaro. Wani jami'i da aka rantsar yakan ɗebi samfuri daga kowane rukuni a masana'anta, ya kulle sauran da hatimi har sakamako ya fito. Cibiya takan duba ƙarfin maganin da tsabtarsa. In ya ci jarrabawa sai a ba shi lamba, a rubuta ta a kan kowace kwalba. Cibiya kuma takan riƙe wani kaso ta sake gwada shi daga baya, in ƙarfinsa ya ragu a janye rukunin duka daga kantuna.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin wannan tsari. A watan Afrilu, 1896, ɗan wani likita na Balin mai suna Robert Langerhans, yaron da bai cika shekara biyu ba, ya mutu jim kaɗan bayan mahaifinsa ya yi masa allurar makarin don rigakafi. Uban ya sanar a jaridu cewa maganin ne ya kashe ɗansa, hankalin jama'a ya tashi. Da yake kwalbar tana da lamba, aka ɗauko samfurin rukunin da aka ajiye aka sake gwadawa, aka tarar ba shi da gurɓata, kuma an yi wa yara da yawa allura daga rukunin nan ba abin da ya same su. Masana na yau suna ganin jikin yaron ne ya yi mummunan bore ga ruwan jinin doki, abin da ba a bayyana shi a ilmance ba sai a 1902. A Amurka kuwa, inda babu irin wannan doka, yara 13 suka mutu a birnin St. Louis a 1901 saboda makarin da aka ɗebo daga dokin da ya kamu da ciwon sarƙe haƙora. Wannan ne ya sa majalisar ƙasar ta yi tata dokar a 1902.

DAGA RINI ZUWA ASENIK

A 1899 aka mai da cibiyar birnin Frankfurt, aka faɗaɗa aikinta. A 1906 kuma wata attajira, Franziska Speyer, ta gina masa wani gidan bincike kusa da ita don tunawa da mijinta marigayi, aka sa masa suna Georg-Speyer-Haus. A nan Ehrlich ya komo kan burinsa na ƙuruciya.

Tun yana aikin makari ya kafa wani ra'ayi, cewa a jikin kowace ƙwayar halitta akwai waɗansu rassa da sinadari ke maƙalewa a kansu, kamar mabuɗi da kwado, kuma abin da bai maƙale ba ba ya aiki. In haka ne, ana iya neman sinadarin da zai dace da kwadon ƙwayar cuta ya ƙi dacewa da na jikin mutum. Ya kamanta irin wannan magani da harsashin da ke bin abin harbinsa shi kaɗai. Da yake kuwa babu maganin da ba shi da illa ko kaɗan, sai ya sa doka a ɗakin bincikensa cewa kowane sinadari a nemo masa lamba biyu: mafi ƙarancin abin da ke warkarwa, da mafi yawan abin da dabba za ta jure. Gwargwadon nisan da ke tsakanin lambobin nan biyu, gwargwadon amincin maganin. Har yau da wannan lissafi ake auna sabon magani.

Ya fara da ƙwayoyin da ke kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga dabbobi. A 1904 shi da Kiyoshi Shiga suka sami wani jan rini da ya warkar da ɓerayen da aka sa wa irin wannan ƙwaya, amma bai yi amfani ga mutane ba. A wajen wannan aiki ne aka lura cewa ƙwayar cuta tana iya sabawa da magani har ya daina kashe ta, ta kuma gadar wa zuriyarta wannan taurin kai.

A 1905 masu bincike a Liverpool ta Ingila suka nuna cewa wani haɗin asenik mai suna Atoxyl yana kashe ƙwayar ciwon barci. Asenik guba ce da aka daɗe da sani. Ma'anar sunan Atoxyl ita ce marar guba, amma da Koch ya yi amfani da shi a tsibiran tafkin Victoria a Afirka ta Gabas cikin 1906 da 1907, waɗansu majinyata suka makance. Masana sun ɗauka cewa ginin wannan sinadari a kulle yake, ba a iya taɓa shi ba tare da ya wargaje ba. Ehrlich ya ƙi yarda da haka. Shi da masanin haɗa sinadarai Alfred Bertheim suka tabbatar a 1907 cewa an yi kuskure wajen fahimtar gininsa: asenik ɗin yana manne da jikin sinadarin kai tsaye, kuma akwai wani reshe da ake kira amino wanda ke sake. Wannan ya buɗe ƙofa, gama yanzu ana iya sauya reshen nan ko yanayin asenik ɗin a sami ɗaruruwan sababbin haɗe-haɗe, kowanne a ba shi lamba a gwada shi a kan dabbobi.

Mutum ne mai tsananin bin diddigi. Kowace safiya mataimakansa sukan tarar da umarninsa a rubuce a kan 'yan katuna masu launi, ana kuma ajiye kwafinsu. Ba ya rabuwa da taba sigari, abinci kuwa bai dame shi ba. A ganinsa mai bincike yana bukatar abu huɗu, watau kuɗi da haƙuri da gwaninta da sa'a. A 1908 aka ba shi lambar Nobel tare da Ilya Mechnikov saboda aikinsu a kan garkuwar jiki.

LAMBA 606

Tunjere ya addabi Turai shekara 400. Yakan fara da ɗan gyambo, ya ɓuya shekaru, sa'an nan ya fito ya lalata zuciya ko ƙwaƙwalwa, kuma uwa takan sa wa ɗan da ke cikinta. Maganin da aka dogara da shi shi ne zaiba, wadda ke zubar da haƙora ta lalata ƙoda. A 1905 Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann suka gano ƙwayar cutar, wata siririya mai kama da murɗaɗɗen zare.

A 1909 wani likita Bajapane, Sahachiro Hata, ya zo Frankfurt daga wajen Kitasato. Ya ƙware wajen sa wa zomaye tunjere, saboda haka Ehrlich ya ba shi aikin sake gwada haɗe-haɗen asenik ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan wanda ke ɗauke da lamba 606, sai ya ga allura ɗaya ta kawar da ƙwayoyin daga gyambon zomo, zomon kuma yana nan lafiya. Ehrlich ya sa aka maimaita gwajin sau da yawa kafin ya yarda a taɓa mutum. Ran 19 ga watan Afrilu, 1910, suka bayyana sakamakon a taron likitoci a garin Wiesbaden.

Nan da nan likitoci da majinyata suka yi masa caa daga ko'ina. A lokacin ba wata doka da ta tilasta gwada irin wannan sinadari a kan majinyata kafin a sayar, amma shi ya ɗora wa kansa. Ya rarraba allurai 65,000 kyauta ga zaɓaɓɓun likitoci, bisa sharaɗin su aiko masa da rahoton kowane majinyaci, na alheri da na akasi. Sai a ƙarshen 1910 kamfanin Hoechst ya fara sayar da shi da sunan Salvarsan, watau asenik mai ceto.

Tsantseninsa yana da dalili. Salvarsan gari ne rawaya, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa asenik ne. Da ya sha iska sai ya sauya ya ƙara guba, don haka a cikin 'yar kwalbar gilashi marar iska da aka liƙe bakinta ake sayar da shi. Dole likita ya narka shi cikin tataccen ruwa sabo, ya daidaita tsaminsa da soda irin ta yin sabulu, ya ɗura shi a jijiya ba tare da jinkiri ba. In ruwan ya kwana ya gurɓata sai majinyaci ya yi zazzaɓi, in allura ta kauce wa jijiya sai naman wurin ya ruɓe. Ehrlich ya yi ta rubuta wa likitoci wasiƙu yana bin sawun kowace mutuwa da aka danganta da maganin. A 1912 ya fito da Neosalvarsan, mai lamba 914, wanda bai kai na farko ƙarfi ba amma ya fi shi sauƙin narkewa.

Duk da haka bai tsira daga suka ba. Waɗansu suka ce ya buɗe wa fasiƙai ƙofa, waɗansu suka ce kamfani ya tsawwala kuɗi shi kuma yana cin riba, waɗansu kuwa ƙiyayyar Yahudawa ce kawai ke cinsu. Gaskiya ne akwai waɗanda maganin ya yi ajalinsu, gaskiya ne kuma allura ɗaya ba ta isa ba kamar yadda aka yi fata da farko, sai an yi ta maimaitawa wata da watanni. A 1914 wani marubuci a Frankfurt, Karl Wassmann, ya zargi asibitin birnin da yi wa karuwai allurar da ƙarfin tsiya. Aka kai shi kotu bisa laifin ɓata suna, aka kira Ehrlich ya ba da shaida, aka ɗaure marubucin shekara ɗaya. Shari'ar ta wanke maganin, amma ta gajiyar da mai shi ƙwarai.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BARI

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agusta, 1914. A ƙarshen shekarar ciwon shanyewar jiki ya taɓa shi, ya ɗan farfaɗo. Ciwo ya sake kada shi sa'ad da yake hutu a garin Bad Homburg, ya rasu ran 20 ga watan Agusta, 1915, yana da shekara 61. An binne shi a maƙabartar Yahudawa ta Frankfurt. Behring, tsohon abokin aikinsa, yana cikin waɗanda suka yi jawabi a wajen jana'izar.

Yaƙin ya yanke wa Ingila da Amurka hanyar samun Salvarsan, sai suka ba kamfanoninsu izinin yin nasu, bisa sharaɗin a gwada kowane rukuni kafin a sayar. A Amurka aka raɗa masa suna arsphenamine. A Ingila wannan gwaji yana cikin abubuwan da suka kai ga dokar 1925 wadda ta sa magungunan rigakafi da makarai da insulin da haɗe-haɗen asenik a ƙarƙashin lasin gwamnati. A 1922 kwamitin lafiya na tsohuwar Majalisar Ƙasashen Duniya ya karɓi awon Ehrlich na makarin mashaƙo ya zama awon duniya, aikin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gada. Makarin da aka yi wa marasa lafiya allurarsa a annobar mashaƙo ta 2023, wadda ta fi tsanani a Jihar Kano, daga jinin doki aka samo shi, kuma da wannan awo aka rubuta ƙarfinsa.

Salvarsan ya yi zamaninsa har 1943, sa'ad da aka nuna cewa penisilin yana warkar da tunjere ba tare da haɗarin asenik ba. Hanyar da ya buɗe kuma ta haifar da magungunan ciwon barci irin su tryparsamide, wanda aka yi amfani da shi a Arewacin Nijeriya cikin shekarun 1930, da melarsoprol na 1949. Akwai wurin da ilmi ya gyara masa: ya ɗauka ƙwayar asenik biyu ne ke riƙe da juna a cikin Salvarsan, amma a 2005 masana a Jami'ar Waikato ta New Zealand suka nuna cewa gauraye ne na zobba masu asenik uku da masu biyar.

A zamanin mulkin Nazi an kankare sunansa daga titunan Jamus, matarsa ta yi gudun hijira, ta rasu a Amurka a 1948. Bayan yaƙi, a 1947, aka sa wa cibiyarsa sunansa, daga baya kuma aka buga hotonsa a kan takardar kuɗi ta Mark 200. Cibiyar Paul Ehrlich tana garin Langen kusa da Frankfurt yanzu, ita ce hukumar Gwamnatin Tarayyar Jamus mai kula da magungunan rigakafi da waɗanda ake samu daga jini, kuma har gobe tana gwada rukuni-rukuni kafin a sake su zuwa asibitoci.